Wanda Ya Kashe Kwamfutar Idrisu

A danginmu, in yarinya ta taɓa abin da ba a sa ta ba har ya lalace, sai ka ji an ce, "Hannun Zainabu ke nan." Ni ce Zainabun. Shekara da shekaru ina jin wannan magana a gidan biki da gidan makoki, ina yi kamar ban ji ba, har jikokina suka taso suka tarar da ita suna maimaitawa ba su san da kakarsu ake ba. Ana cewa ni na kashe kwamfutar ubanku, na karya rantsuwa, na yi wa kayan marayu ta'adi. To yanzu Yaya Haj ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ni ma ba yau aka haife ni ba, kuma ba zan tafi da wannan magana a cikina ba. Nafisa ta sani domin tana wurin. Ke Halima da ke Ihlas kuna ƙanana lokacin, sai ku ji yadda aka yi.

Ubanku Idrisu mai hoto ne, da ɗan ɗakinsa a kasuwar Mayo, unguwarmu ta gefen Khartum, ɗaki mai labulen nan da aka zana wa teku da itacen dabino. Da zamani ya juya aka daina wanke hoto a ɗaki mai duhu, sai ya sayi tsohuwar kwamfuta baƙa, irin mai ninkewa da yara ke ce wa labtob. Yadda ya riƙe ta, ni kaina na yi kishi. Ni na ɗinka mata riga da ragowar atamfa. Ba ta kwana a ƙasa, ba a shan shayi kusa da ita, kuma in zafi ya yi yawa sai ya ɗora ta a kan bulo biyu kusa da randa ya ce ta sha iska. Duk auren da aka ɗaura a unguwarmu da duk sunan da aka raɗa suna cikinta. Amma abin da ya fi komai a cikinta hoto ne guda ɗaya na wata tsohuwar takarda.

Ku da kuka tashi da takardunku a jaka ba za ku gane ba. Ni a Jazira aka haife ni, yankin noma da ke kudu da Khartum, a bukka bakin gonar auduga. Uwata ta tsinci audugar ƙasar nan har yatsunta suka kanannaɗe, ubana a can aka binne shi. Amma a zamanin mulkin soja, in ka shiga ofis neman jinsiyya, wato takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da an tambayi ƙabilarka ka ce Hausa, sai ma'aikacin ya ajiye biro ya dube ka tun daga kai har ƙafa, ya ce ka kawo hujjar cewa kakanka a nan yake. Wanda ke bayanka a layi ba a tambayarsa ko sunan kakarsa. Abu biyu suke nema daga irinmu: lambar jinsiyyar wani kaka da za su bincika a rumbunsu, da namiji daga dangin uba da zai dafa Alƙur'ani ya ce wannan jininsu ne. Kakanku na wajen uba ya taɓa samun jinsiyya lokacin da yake gadin sito na auduga, amma 'ya'yansa uku ba wanda ya bi ta kai. Takardar ta zauna a akwatin wata gwaggonsu a ƙauye. Da Nafisa ta shiga ajin ƙarshe na sakandare, Idrisu ya hau mota ya je ya roƙi tsohuwar ta ba shi, ta hana, sai ya shimfiɗa takardar a kan tabarma ya ɗauke ta hoto. Bayan damina tsohuwar ta rasu, aka buɗe akwatin aka tarar gara ta mai da komai ƙasa. Lambar kakanku ba ta rage ko'ina a hannunmu ba sai cikin wannan kwamfuta.

Idrisu ya yi ta cewa zai buga hoton a takarda. Mai hoto ne, ya buga wa duniya, nasa yana gobe, gobe. Farkon zafi ya dawo daga kasuwa ya ce ƙirjinsa, kafin mu samu raksha, keken nan mai ƙafa uku, mu kai shi asibiti, ya cika. Nafisa ta rubuta jarrabawarta ana zaman makokin ubanta a tsakar gida.

Ranar sadakar bakwai Yaya Haj ya zo da motar kaya. Bukari ne sunansa, yayan ubanku, kuma Haj ɗin na girma ne kawai irin na mutanen nan, bai taɓa ƙetare Bahar Maliya ba. Shekara arba'in yana sayar da tocila da batir da ƙananan rediyo a Kasuwar Umdurman, can ƙetaren kogi. Tun da Allah bai ba ni ɗa namiji ba, shi da ƙaninsu Sale suna da rabo a gadon, wannan shari'a ce ban taɓa ja da ita ba. Ya kwashe kayan ɗakin hoto kaf, kyamara da fitilu da labule da kwamfuta, ya ce za su zauna a gidansa har a raba. Ina cikin ɗaki da fararen kayan takaba, na yi magana ta bayan labule.

"Yaya Haj, kwamfutar nan akwai takardar Nafisa a ciki. A bari ta cire kafin a tafi da ita."

"Uwar Nafisa, ba a taɓa kayan mamaci sai magada sun hallara. In Sale ya zo, halas, a buɗe komai."

Kowa ya san Sale. Ta kwale-kwale ya ƙetara Jidda ba takarda, zuwansa sai ranar da aka kama shi aka ɗoro shi a jirgi. Na haɗiye, domin mai takaba ba ta da ƙafa, bakinta ma rabi ne. Wata huɗu da kwana goma ina zaune. A ciki sakamako ya fito, Nafisa ta ci, sunanta ya fito a jami'a wajen karatun haɗa magunguna. Matan unguwa suka cika gidan da guɗa, ni kuwa na san ba a rajista sai da jinsiyya. Sau uku na aika Nafisa Umdurman. Sau uku ya ba ta shayi, ya sa mata albarka, ya ce kayan suna cikin amana ana kula da su fiye da yadda take zato. Wannan maganar tasa ta ƙarshe ban fahimce ta ba sai daga baya.

Ranar da na fita takaba saura kwana tara a rufe rajista. Ban tsaya karɓar masu barka ba. Na yafa tob ɗina, babban mayafinmu na matan nan, na kama hannun Nafisa, muka hau hafla, ƙaramar bas, daga Mayo zuwa cikin Khartum, muka sake wata muka ƙetare gada. Na tarar da shi a kan angareb, gadon nan na igiya, a zaure yana shan kofi, na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce ban zo raba gado ba, hoto ɗaya na zo gani, kuma ba zan tashi daga zauren nan ba sai na gan shi. Ya ga da gaske nake. Ya kira matarsa Sakina ta kawo mabuɗi, aka fito da kwamfutar cikin rigarta.

Nafisa ta buɗe ta, ta danna maɓalli. Shiru. Ta ce ba komai, batir ne ya sauka, a sa caja. Aka jona, sai aka tuna an ɗauke wuta tun safe. Muka zauna jiran wuta har bayan la'asar, ni da shi muna kallon juna, fanka tana tsaye a kanmu. Da wuta ta dawo, ɗan hasken da ke jikin cajar ya kama kore, amma na jikin kwamfutar ko ƙyaftawa. Nafisa ta cire ta sake sawa, ta murɗa bakin wayar a hankali, ta koma soket ɗin ɗaki, ta koma na kicin inda firji ke aiki lafiya. Aka aro cajar wani malamin makaranta maƙwabcinsu, bakinta ya ƙi shiga. Ta kifa kwamfutar za ta zare batir kamar yadda ta ga ubanta yana yi, ya ƙi fita, ya cije. Ta danne maɓallin tana ƙirge har talatin, ta kara kunnenta ko za ta ji motsi, ni ma na kara nawa. Ba abin da na ji sai bugun zuciyata.

Duk wannan Yaya Haj yana tsaye a kanta yana ba da umarni. A buga mata gefe. A jijjiga ta. A goge bakin wayar da yawu. Da abin ya ƙi, sai ya juya kan yarinyar.

"Ke kin cika danne-danne. Lafiya lau na ajiye ta."

"Ammi, wallahi ma danna komai ba illa maɓalli," in ji Nafisa ga baffan nata, wanda take ce wa ammi irin na Larabawa, Hausarta tana sarƙewa da Larabci kamar kullum in ta tsorata. "Batir ɗin ne, kamar ya kumbura."

"Ni za a gaya wa batir? Tun uwarki ba ta yi wayo ba nake sayar da batir."

Na ce to a kai wa masu gyara. Nan ya kafe. Ya ce masu gyara ɓarayi ne, su buɗe abu su kwashe kayan ciki na asali su zuba maka tarkace, shi ya ga haka a rediyo ba sau ɗaya ba. Da ƙyar, bayan sallar magariba da sa bakin Sakina, ya yarda a kai, bisa sharaɗi: a duba daga waje kawai, kada a kwance ko noti ɗaya, Sakina za ta bi mu ta zama idonsa, ni kuma in rantse. Ba zan ɓoye muku ba, na rantse. Na ce wallahi ba za a kwance ba. A raina ina ganin caja ce ko batir, abin da za a sauya a tsaye.

Washegari muka je cikin Khartum, wani dogon gini mai hawa-hawa da ke cike da shagunan waya da kwamfuta. Nafisa ta ji labarin wani dattijo da ake kira Bashmuhandis Awad, wato babban injiniya. Da ma'aikacin gwamnati ne, yana cikin waɗanda sojoji suka kora daga aiki da suka hau mulki, ba laifin tsaye ba na zaune, ya dawo yana gyara a wani lungu ƙarƙashin matakala. Mutum ne mai furfura da tabarau a kan hanci, ba ya son yawan magana. Bai fara taɓa kwamfutar ba. Cajar ya ɗauka ya jona, ya kawo wata mita mai wayoyi biyu ja da baƙa ya ɗosana a bakinta, ya ce caja lafiyarta ƙalau. Ya jona tasa cajar don ya tabbatar, ba haske. Ya kifa ta, ya sa babban yatsa ya tura batirin da ƙarfi har ya fito, ya ɗaga mana shi. Ya kumbura ya yi ciki kamar ƙullin da ya kwana, gefensa ya tsage, wani abu ya zubo ya bushe fari-fari. Ya ajiye shi can nesa a cikin bokitin yashi. Ya danne maɓalli ya daɗe, ya jona wuta ba batir, ya sake dannawa. Ya sa mitar a wurin da batirin ya fito, ya girgiza kai.

Sannan ya yi abin da ban zata ba. Ya kai ta hancinsa ya sansana. Ya shafa murfin, ya nuna mana yadda baƙin ya koɗe ya koma toka-toka. Ya nuna mana ƙafafun robar da ke ƙasanta sun narke sun baje, ya nuna gilashin ya yi wani tabo kamar an zuba mai. Ya cire tabarau ya dube mu mu uku, ya yi magana da Larabci.

"Ya Hajja, wannan a ina ta zauna? A gidan burodi?"

Kafin in buɗe baki Sakina ta gyara zama. Baiwar Allah, ba mugunta a ranta, kare mijinta take yi.

"A'a, wallahi Haj bai yi sakaci da ita ba. Duk Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ya hau da ita saman kwano ya shanya ta a rana, don kada batir ya mutu. Sai la'asar yake sauko da ita. Ko Juma'a ɗaya bai tsallake ba."

Kun san yadda ake yi da batirin rediyo in ya yi sanyi, a jera shi a rana ya ɗan farfaɗo a ƙara jin labarai kwana biyu. Duk mun yi, ni ma na yi. To wannan ilimin ne Yaya Haj ya ɗauka ya yi wa kwamfutar ƙaninsa hidima da shi, wata huɗu cur, a kan kwanon Umdurman, a watannin da ko kare ba ya taka ƙasa da rana. Abin da Idrisu yake ɗorawa kusa da randa. Da ɓarawo ne ya sace ta da na san inda zan kai kukana. Amma mutum ya hana marainiya minti biyar ta cire takardarta, ya kore ta sau uku da shayi da albarka, ashe yana can yana gasa takardar duk mako da bisimilla. Garin neman gira aka rasa ido, kuma idon ba nasa ba.

Bashmuhandis bai yi dariya ba, na gode masa da wannan. Ya ce batirin ya fashe ya zuba a allon cikinta, allon ya ƙone, wannan kwamfuta ba za ta sake tashi ba a hannun kowa. Nafisa ta dafa bango. Sai ya ce amma hotuna ba a allon suke zama ba, suna cikin wani ɗan faifai mai gidan ƙarfe, girmansa bai wuce sabulun wanka ba. Wataƙila zafi ya kashe shi, wataƙila ya sha. Ba mai sani sai an ciro shi an jona a wata kwamfutar. Ya nuna wani ɗan murfi a bayanta da bakin sukundireba.

"Noti biyu ne."

Sakina ta kama mini gefen tob.

"Zainabu, kin rantse."

"Na rantse."

"To mu koma a gaya wa Haj tukuna."

Na san abin da komawa ke nufi. Zai ce mai gyaran maƙaryaci ne, ya mai da ita akwati, ya ce sai Sale ya zo. Saura kwana takwas. Na dubi Nafisa, tana kallon notin nan biyu. Na ce wa Bashmuhandis ya kwance. Ya ce in tabbata, na ce ya kwance, rantsuwar a wuyana take ba a nasa ba. Daga baya na ciyar da miskinai goma kaffara, kuma a Mayo ba a shan wahalar neman miskinai goma.

Ya ciro faifan ya sa a wani ɗan gida, ya jona a kwamfutarsa. Ya yi ƙara ƙyas, ƙyas, ya yi shiru, ya sake. Sai ga hotuna sun fara zubowa. Amare da angwaye, jarirai, 'yan makaranta, rabin Mayo a gaban tekun labulen Idrisu. Wasu sun lalace, rabi hoto rabi toka. Mun fi awa biyu Nafisa tana wucewa da su ɗaya bayan ɗaya, har muka iso kan wata tabarma, da yatsan ubanku a gefe yana danne kusurwar takarda don iska. Ga hoton kakanku da rawani, ga hatimi, ga lamba ɓaro-ɓaro. Na zauna a kan matakalar nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da Idrisu. Bashmuhandis ya buga mana guda biyar, ya mai da faifan, ya ɗaure notin kamar yadda suke.

Na ɗauka an gama, ashe an fara. Sakina ba ta iya riƙe magana ba, ta ba maƙwabciyarta labari, kafin kwana biyu duk layin masu tocila a Kasuwar Umdurman sun ji. Mutum ya zo wucewa ta gaban rumfar Yaya Haj sai ya ce, "Ya Haj, rediyona ya yi sanyi, akwai wuri a saman kwanonka?" Dattijo mai shekara arba'in a sana'a ya zama abin dariyar sa'o'in 'ya'yansa. Mu kuwa muka kai lamba ofis, aka bincika aka samu fayil ɗin kakanku, ma'aikacin har mamaki ya yi, kamar bai so ba. Ya ce saura mai shaida daga dangin uba. Idrisu yana kabari, Sale yana Jidda yana wasan ɓuya. Namiji ɗaya ya rage a ƙasar nan da zai iya dafa Alƙur'ani ya ce Nafisa jikar mutumin nan ce. Na aika wa Yaya Haj, ya aiko da amsa: ta je da notin da ta kwance su yi mata shaida.

Saura kwana huɗu na je rumfarsa da kaina. Na durƙusa a ƙasar kasuwa, a gaban mutane, ni da ko a gaban ubanku ban taɓa durƙusawa don roƙo ba. An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma wanda ya faɗi haka ban sani ba ko ya taɓa gwadawa a kan tsakuwa. Ya bar ni a nan ya sallami masu saye biyu, sannan ya ce in tashi mu shiga ciki.

"Kin zubar mini da mutunci a kasuwa."

"Yaya Haj, ban gaya wa kowa ba."

"Kin kai kayan marayu wurin ɓarawo ya farke, sannan aka ɗora mini. Ranar Juma'a za a taru a gidana. Ki tashi a gaban dangi ki faɗi gaskiya: lafiya ta bar hannuna, buɗewar da kika sa aka yi ce ta kashe ta. In kin faɗa, Lahadi ina ofis."

"In ban faɗa ba fa?"

"Allah ya kawo Sale lafiya."

Har yau ban sani ba ko ya yarda da abin da yake faɗa. Wataƙila ya maimaita wa kansa har ya zauna masa. Na dawo gida ina tafasa, na daka gyaɗar da zan kai kasuwa har ta wuce yadda ake so. Nafisa ta ce kada in yi, ta haƙura da karatun, wata shekara ma rana ce. Na ce ta rufe mini baki. Wata shekarar wa zai haifo mata wani baffan? Litinin za a rufe rajista, kuma ban ga dalilin da sunana zai fi karatunta tsada ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka cika tsakar gidansa, maza a kan angareb, mata a tabarma ta gefen kicin. An ɗora kwamfutar a kan tebur a tsakiya kamar gawa. Na miƙe. Na ce ni Zainabu na yi rantsuwa na karya. Na ce kwamfutar Idrisu lafiya ta bar gidan nan, gaggawata ce ta sa aka buɗe ta ta mutu. Na ce maganar shanyawa a rana ƙaryar mai gyara ce don ya kare kansa, kuma wannan ita ta fi yi mini ciwo, domin bawan Allah nan bai yi mana komai ba sai alheri. Nafisa ta yunƙura za ta tashi, na taka mata ƙafa da dunduniya har sai da ta zauna. Na dubi Sakina. Kanta yana ƙasa tana tsince tsakuwa a cikin wake, waken da aka riga aka tsince. Wata gwaggonku ta ce, "Oh, hannun Zainabu," aka yi 'yar dariya, daga nan maganar ta samo asali. A ranar aka yanke cewa tun da ni na lalata ta, ni zan ɗauki mushen, kyamara da fitilu su zauna jiran Sale.

Lahadi da sassafe ya zo ofis, ba zan ci haƙƙinsa ba, har ya riga mu. Ya sa farar jallabiya da rawani, ya kawo katinsa na kasuwa da takardar shaidar unguwa. Da aka miƙo hoton takardar ya ga fuskar ubansa, ya daɗe yana kallo. Ya dafa Alƙur'ani ya ce wannan ubansa ne, wannan kuma 'yar ƙaninsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, muryarsa ko rawa ba ta yi ba, domin a nan gaskiya yake faɗa. Aka buga hatimi. Nafisa ta yi rajista ranar Litinin ana saura kaɗan a rufe taga. Da wannan lamba ke Halima kika samu taki, da ita Ihlas ta samu, da ita 'ya'yan Yaya Haj su bakwai suka samu nasu ɗaya bayan ɗaya, kowannensu ya zo Mayo ya karɓi kwafin takardar a hannuna, ya sha ruwa, ya tafi yana ce wa 'yarsa kada ta yi hannun Zainabu.

Amma ba wannan ne ya sa na zauna rubuta muku ba. Da muka fito daga ofishin ranar Lahadin, Nafisa tana rungume da takardarta a ƙirji, ya tsaya a bakin ƙofa inda masu shayi suke, ya gyara rawani, ya juyo gare ni a gaban jama'a da fuskar tausayi.

"Uwar Nafisa, ɗan Adam ajizi ne. Abin da kika yi wa kayan ƙanena, na yafe miki duniya da lahira."

Ina jin yatsun Nafisa suna nutsewa a damtsena. Na sunkuyar da kai na ce, "Na gode, Yaya Haj. Allah ya ƙara girma."

Rantsuwar da na karya na yi mata kaffara. Ƙaryar da na yi ranar Juma'a na roƙi Allah gafara, kuma in aka mai da ni wannan rana zan sake yi. Wannan godiyar ce na kasa haɗiyewa har yau, kuma ku sani tun ina da rai: na janye ta.